Karatun Gyaran Agogo a Turai da Amurka: Wa Ke Biya, Wa Ke Samu?

Duk wanda ya ji an ce akwai makarantun da ake koyar da gyaran agogo kyauta, har a riƙa ba ɗalibi alawus duk wata, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne "Anya kuwa?" Akwai su, ba tatsuniya ba ce. Sai dai wannan kyauta tana da lunguna, kuma a lungunan ne ɗalibai ke maƙalewa. Inda duk na ce dala a nan, dalar Amurka nake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba.

Wai gyaran agogo ma har sai an je makaranta?

Ya danganta da agogon. Canza batir, sa sabon gilashi, rage tsawon sarƙa, duk wannan yaro mai kaifin ido zai ɗauka cikin 'yan makonni a gefen teburin maigidansa. Agogon da ake magana a kansa shi ne wanda babu batir a cikinsa, sai sifirin da ake murɗawa, ko wanda motsin hannun mai shi ke murɗa masa. In ka buɗe bayansa za ka tarar da ƙananan ƙarafa fiye da ɗari a filin da bai wuce faɗin murfin kwalba ba. A cikinsu akwai wani ɗan zobe mai kai-da-komo, ɗaure da siririn sifirin da gashin kai ya fi shi kauri. A yawancin agogon zamani zoben nan yana bugawa sau 28,800 a awa ɗaya, wato sau takwas a sakan guda, sau 691,200 a kwana. Agogon da ke neman takardar shaidar daidaito ta ƙasar Suwizalan kuwa, ba a yarda ya yi baya da fiye da sakan 4 ko ya yi gaba da fiye da sakan 6 a rana ba.

Na taɓa kai tsohon agogon mahaifina wurin wani dattijo mai ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa. Ya manna madubinsa a ido ɗaya, ya kama wani noti da hantsaki, sai notin ya yi tsalle ya ɓace. Bai ce uffan ba. Ya sauka daga kan benci, ya ɗauko mayen ƙarfe, ya yi ta shafa ƙasa har aka kira la'asar, sannan ya ɗago da abin a tafin hannunsa, bai fi ƙwayar gero ba. Ya ce da ni, "Ɗana, in wannan ya tafi, sai mu jira wani agogon ya mutu." Abin da makaranta ke ƙara wa mutum shi ne kada ya jira wani agogon ya mutu: ya ɗauki guntun ƙarfe ya sassaƙo wani notin da hannunsa.

Cikakken karatun da aka fi sani a duniya awa 3,000 ne, kimanin shekara biyu, bisa tsarin WOSTEP, wata cibiya da aka kafa a garin Neuchâtel na Suwizalan a 1966. Akwai kuma gajere na awa 1,800 wanda ya fi mai da hankali kan wanki da sa mai da saita agogo.

Me ya sa kamfani zai koyar da mutum kyauta? Tausayi ne?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar ma'adinin kwatz. Da farko tsadarsa ta kai ta ƙaramar mota, amma kafin shekara goma irinsa ya zama na kowa, ga araha ga daidaito. Masana'antar agogon Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta da suka kai kusan 90,000 a 1970 suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Iyaye suka daina tura 'ya'yansu koyon sana'ar da kowa ke ganin ta mutu, makarantu suka yi ta rufewa. A Amurka da ake da su gommai, aka wayi gari sai 'yan ƙalilan.

Sai kuma agogon sifirin ya farfaɗo, wannan karon a matsayin kayan alfarma. A 2023 kaɗai Suwizalan ta fitar da agogo na faran biliyan 26.7 na kuɗinta. Kowane ɗaya daga cikin masu tsadar nan, bayan 'yan shekaru sai an warware shi, an wanke, an sa sabon mai, an mayar. Waɗanda suka iya aikin kuma tsufa ya cim musu, tsakaninsu da matasa akwai giɓin kusan shekara ashirin da ba a yaye kowa ba sai ɗaiɗaiku. Kamfanin da ya sayar wa mutum agogon dala dubu goma, ya ce masa ya jira wata shida kafin a gyara, ya san sunansa yake zubarwa. Shi ya sa suke buɗe makarantu da aljihunsu. Ba laifi ba ne, ciniki ne mai amfanar kowane ɓangare, amma gara ɗalibi ya shiga da sanin cewa ma'aikaci ake nema, ba marayan da za a taimaka wa ba.

Waɗanne makarantu ne ba a biyan kuɗin karatu?

A Amurka aka fi samun irinsu. Rolex ya kafa makaranta a garin Lititz na jihar Pennsylvania a 2001, ya shafe fiye da shekara ashirin yana koyarwa ba ko sisi. Daga baya ya buɗe wata cibiya a Dallas ta jihar Teksas, karatun wata 18, babu kuɗin makaranta, ga alawus da aka fara da dala 1,800 a wata. Patek Philippe ya buɗe tasa a birnin Niyok a 2015, shekara biyu, ita ma da alawus, amma ajin farko mutum shida kacal aka ɗauka. Rukunin Swatch, masu Omega da Longines da Tissot, suna da makarantar Nicolas G. Hayek a Miami, da 'yan'uwanta a Jamus da Sin da Malesiya. Rukunin Richemont, masu Cartier da IWC, tasu tana Fort Worth.

Akwai kuma waɗanda ake biya kamar kowace kwaleji, irin su sashen agogo na North Seattle College, da Paris Junior College da ke Teksas (ba Paris ta Faransa ba), da Gem City College a jihar Illinois.

Wani reshe daban shi ne na tsofaffin sojoji. A 1945 iyalan Bulova, masu kamfanin agogo, suka buɗe makaranta a unguwar Woodside ta Niyok don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka, domin aiki ne da mai keken guragu zai yi daidai da kowa. Wannan makaranta ta rufe, amma a garin Odessa na jihar Delaware akwai wata ƙungiya da ta ɗora daga inda aka tsaya, tana koyar da tsofaffin sojojin Amurka kyauta.

To in karatu kyauta ne, tallafin na mene ne kuma?

A nan maganar take. Abu na farko kayan aiki. A makarantu da yawa ɗalibi ne ke sayen nasa: jerin sukudirebobi masu bakin allura, hantsaki kala-kala, madubin ido, magagari, ma'aunin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da tarkacen da ba su ƙirguwa. Mafi yawansu ƙirar Suwizalan ne, kuma araha ba ta ado a nan, domin hantsakin da bakinsa bai haɗu daidai ba shi ke harba noti ƙarƙashin benci. Jimillar kuɗinsu kan kai dubban daloli, kuma tun makon farko ake son ganinsu.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne rayuwa. Karatun daga safe ne zuwa yamma, Litinin zuwa Juma'a, kamar ma'aikacin ofis. Da yake makarantun kaɗan ne, kusan kowa sai ya bar garinsu ya kama haya a wani. Miami da Seattle da Niyok kuwa ba garuruwan talaka ba ne. Wanda ya ce zai yi aikin dare ya yi karatu da rana, da safe hannunsa ne zai tona masa asiri, don ba a saita sifirin da ya fi gashi siranta da hannu mai karkarwa. Shekara biyu ke nan babu albashi, ga haya, ga abinci, ga inshorar lafiya. Da yawa daga cikin ɗaliban ma ba yara ba ne, mutane ne da suka ajiye wani aikin, wasu da iyali. A ganina wanda duk ya zauna lissafi ya fara da kuɗin makaranta, ya fara ta wutsiya. Da haya ake farawa.

Su wa ke ba da wannan tallafi?

Wadda ta fi suna a Amurka ita ce ƙungiyar masana agogo ta Niyok, HSNY a taƙaice. Baƙin Jamusawa masu gyaran agogo ne suka kafa ta a 1866, tun asali don su riƙa tallafa wa juna a rashin lafiya da mutuwa, kamar dai asusun 'yan kasuwa. A 2017 ta ƙirƙiro tallafin karatu da sunan Henry B. Fried, tsohon shugabanta, malamin da ya rubuta littattafai masu yawa a kan sana'ar. A 2021 aka ƙara biyu: na Benjamin Banneker don ɗalibai baƙar fata, da na Oscar Waldan don ɗalibai Yahudawa. A 2022 aka ƙara na Grace Fryer don mata. Akwai kuma kyautar Howard Robbins, wadda ita makarantu ake ba, ba ɗalibai ba.

An shafe shekaru adadin yana kaiwa har dala 5,000 ga mutum ɗaya. Kuɗin na fitowa ne daga gudummawar masu hali da kamfanoni, da gwanjon agogon da ake yi don sadaka, da liyafar da ƙungiyar ke shiryawa duk shekara. Dala 5,000 ba za ta riƙe mutum shekara biyu a Miami ba. Za ta sayi kayan aiki, ta biya hayar 'yan watanni. Ga wanda ya rage masa kaɗan ya tattara ya koma gida, wannan kaɗan ɗin ba ƙarami ba ne.

Su wane ne Banneker da Fryer da aka sa wa tallafi sunansu?

An haifi Benjamin Banneker a 1731 a Maryland, baƙar fata ne ɗa, ba bawa ba, a zamanin da 'yan'uwansa ke cikin ƙangi. Makaranta kaɗan ya yi. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ari agogon aljihu, ya nazarci cikinsa, ya lissafa girman kowace giya da yawan haƙoranta, sannan ya sassaƙa su da itace. Agogon da ya haɗa yana buga ƙararrawa duk awa, kuma ya yi ta aiki fiye da shekara hamsin. Daga baya ya koya wa kansa ilimin taurari, ya riƙa buga kundin lissafin rana da wata daga 1792, har ya rubuta wa Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, wasiƙa yana ƙalubalantarsa a kan bauta. Ya rasu a 1806, kuma ranar jana'izarsa gobara ta cinye gidansa har da agogon.

Labarin Grace Fryer ya fi ɗaci. A 1917 ta kama aiki a wata masana'anta a garin Orange na jihar New Jersey, inda 'yan mata ke shafa wa lambobin agogo fenti mai sinadarin radiyom don su riƙa haske cikin duhu. An koya musu su riƙa tsotsar bakin burushi da leɓe don ya yi tsini, aka ce musu babu illa. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zuba, ƙasusuwan muƙamuƙi suka fara ruɓewa. Sai da Grace ta yi shekara biyu tana neman lauyan da zai karɓi ƙararta. Su biyar suka shigar da ƙara, aka sasanta a 1928 a kan dala 10,000 ga kowacce da dala 600 duk shekara. Ta rasu a 1933, amma shari'arsu na cikin abubuwan da suka sauya dokokin kare lafiyar ma'aikata a Amurka.

Shi kuwa Oscar Waldan, a sansanin Buchenwald na 'yan Nazi ya koyi gyaran agogo, ya tsira da ransa, ya zo ya kafa kamfaninsa a Amurka.

Yaya ake nema, kuma yaushe?

Ƙa'ida ta farko wadda mutane ke tsallakewa: sai kana da gurbi. Ko dai kana cikin makarantar cikakken lokaci, ko kana riƙe da takardar da ta nuna an ɗauke ka. Ba a ba mutum tallafi don ya tafi neman makaranta. Bisa al'ada HSNY kan buɗe karɓar takardu ranar 1 ga Janairu, ta rufe 1 ga Maris, sannan a sanar da waɗanda suka dace bayan 'yan makonni. Ana son wasiƙar da ka bayyana ko kai wane ne, me ya ja ka zuwa sana'ar, da yadda kuɗin zai amfane ka, tare da shaidar gurbi. Wasiƙar shaida daga malami ko maigidan da ka yi aiki a ƙarƙashinsa tana ƙara nauyi. Sharuɗɗan kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a shafin ƙungiyar kanta za ka karanta su, ba a bakin wani ba.

Shawarata a kan wasiƙar: masu karanta ta 'yan sana'a ne, sun gaji da jin "tun ina yaro nake son agogo". Faɗa musu agogon da ka fara warwarewa, da abin da ka karya a ciki, da yadda ka gano kuskurenka. Sannan ka rubuta lissafinka ƙarara: haya kaza, kayan aiki kaza, abin da ke hannuna kaza, giɓin kaza.

Ni ina Kano, abokina yana Damagaram. Za mu iya samu?

Ɗan'uwa, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu: ƙofar a tsuke take, kuma ba tallafin ne ya tsuke ta ba, biza ce. Makarantun kamfanoni a Amurka galibi suna sharɗanta cewa mai nema yana da izinin zama da aiki a ƙasar, tunda ma'aikatan cibiyoyinsu na can suke horarwa. Kwalejojin da ake biya su ne suka fi iya ba baƙo takardar neman bizar ɗalibi, amma baƙo ya fi ɗan jiha biya, sai ya nuna kuɗin da zai riƙe shi tun kafin ya tashi, kuma bizar karatun sana'a ba ta ba shi damar yin aiki yana karatu. Ƙari a kan haka, tun 2025 Amurka ta ƙara tsaurara shiga ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da Chadi da Sudan. Wanda iyayensa ke zaune a can, ko yake da takardar zama, shi lissafinsa daban ne, kuma tallafin Banneker da shi ake.

Ga wanda ke gida, Turai ta fi cancantar a duba, abokin naka mai jin Faransanci kuma ya riga ka da taki ɗaya.

To yaya abin yake a Turai?

Can ba a cika maganar tallafi ba, domin tsarin ne daban: ɗan koyo ma'aikaci ne, albashi ake ba shi. A Suwizalan yaro kan gama makarantar dole yana ɗan shekara 15 ko 16, ya sa hannu a kwantiragi da kamfani, ya riƙa yin wasu kwanaki a masana'anta wasu a aji. Shekara huɗu ake yi kafin a zama cikakken mai agogo da takardar gwamnatin tarayya, uku ga mai aikin haɗawa a masana'anta, biyu ga mataimaki. Albashin shekarar farko 'yan ɗaruruwan faran ne a wata, yana ƙaruwa duk shekara. Akwai kuma makarantun gwamnati na cikakken lokaci, kamar ta Janeba da aka kafa tun 1824, da ta kwarin Joux ta 1901, da ta Le Locle. Duk an gina su ne don mazauna ƙasar. Ita WOSTEP da Ingilishi take koyarwa, tana karɓar baƙi, amma biya ake yi, kuma zaman Suwizalan sai mai ƙashin arziki.

A Faransa makarantar da ta yi fice ita ce Lycée Edgar Faure a garin Morteau, dab da iyakar Suwizalan. Ana farawa da CAP, takardar shaidar sana'a ta matakin farko, a wuce zuwa BMA, takardar da ke gaba da ita. Ɗan koyo mai kwantiragi doka ce ta yanka masa kaso daga mafi ƙarancin albashi: a shekarar farko kashi 27 cikin 100 ga wanda bai kai 18 ba, 43 ga ɗan 18 zuwa 20, 53 ga ɗan 21 zuwa 25, wanda ya kai 26 kuma cikakke.

Jamus ce na fi ganin haske a cikinta ga baƙo. Karatun shekara uku ne, a garuruwa irin su Glashütte, gidan kamfanonin A. Lange & Söhne da Nomos, da Pforzheim, da Furtwangen wadda makarantarta ta fara tun 1850. Dokar Jamus ta tanadi biza musamman don koyon sana'a, kuma an faɗaɗa ta tun Maris 2020. Abin da ake bukata shi ne kwantiragi daga kamfani ko gurbi a makaranta, da Jamusanci a matsakaicin matakin da ake kira B1, da shaidar abin da zai riƙe ka in albashin koyo bai isa ba. Wahalar ita ce samun kwantiragin, don kowane kamfani mutum kaɗan yake ɗauka a shekara. Amma hanya ce ta doka, a rubuce, ba ta bayan gida ba.

Ingila fa?

Akwai makarantar British School of Watchmaking kusa da Manchester, wadda kamfanonin agogo suka haɗu suka kafa a 2004, da digirin ilimin agogo a Birmingham City University, da kwalejin West Dean ga masu son gyaran tsofaffin agogon bango. Tallafi na zuwa daga ƙungiyar masu agogo ta Landan mai tarihi tun 1631, da asusun QEST mai ba masu sana'ar hannu har fam 18,000, da gidauniyar George Daniels. Shi Daniels a talauci ya tashi a Landan, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera agogo na ƙarni na 20. Da ya rasu a 2011 aka yi gwanjon tarin agogonsa, kuɗin ya shiga asusun karantar da matasa. Mafi yawan waɗannan na mazauna Birtaniya ne.

In kamfani ya koyar da ni, dole in yi masa aiki?

Ba ko'ina ba. Wasu makarantun in ka gama ka kama gabanka, wasu kuma akwai sharaɗin shekarun aiki, musamman inda kanti ko kamfani ya ɗauki nauyinka kai tsaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku: shekara nawa, a wane gari, kuma nawa zan mayar in na fasa a tsakiya.

Akwai wata igiya da ba a rubutawa. Manyan kamfanoni da yawa sun daina sayar da kayan gyaransu ga kowa, sai ga shagon da suka tantance. Wanda ya koyi agogon kamfani ɗaya tak, ranar da ya buɗe shagon kansa zai ga bambancinsa da wanda ya iya sassaƙa abin da ya ɓata.

Wace irin jarrabawa ake yi kafin a ɗauki mutum?

Digiri ba shi ne abin dubawa ba, takardar sakandare ta isa a yawancin wurare. Bayan tambayoyin lissafi da na gane yadda giya ke juya giya, sai a zaunar da kai a benci. A iya miƙa maka guntun tagulla da magagari a ce ka mayar da shi murabba'i daidai da awon da aka rubuta, ko a warware wani sashe na agogo a gabanka sau ɗaya a ce ka mayar. Malaman ba sakamakon kaɗai suke kallo ba. Suna kallon yadda ka jera kayanka, da ko ka bi umarni yadda aka faɗa, da abin da fuskarka ta yi lokacin da abu ya kuɓuce maka karo na uku. Wanda ya riga ya koyi aikin a kasuwa yana da saurin hannu, amma sai ya yarda a rushe masa wasu ɗabi'u, kamar taɓa cikin agogo da yatsa tsirara ko malala masa mai.

Malam, mace fa? Ko sana'ar maza ce?

'Yar'uwa, a masana'antun Suwizalan mata sun daɗe suna wannan aiki, musamman saita siririn sifirin nan, wanda shi ne mafi laushin aikin duka. Aiki ne na zaune, a ɗaki mai tsabta da haske, ba ya son ƙarfi. Tallafin Grace Fryer domin ku aka yi shi.

Wani ya ce in biya kuɗin fom zai samo mini gurbi da tallafi. In biya?

Kada ka biya. Babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan da ke da dillali a WhatsApp ko Facebook, kuma ba a sayen tallafi da kuɗi. Duk wanda ya haɗa maka gurbi da biza da tikitin jirgi a dunƙule, kafin kowa ya ga hannunka a kan benci, ɗan damfara ne.

Babu abin da mutum zai fara daga gida kafin ƙofa ta buɗe?

Akwai. Cibiyar British Horological Institute, wadda aka kafa a 1858, tana da darussan koyo daga nesa da mutane ke bi daga ƙasashe daban-daban. Biya ake yi, amma bai kama ƙafar kuɗin zama a Turai ba. HSNY ma tana sa laccocinta na wata-wata a intanet. Na fi son mutum ya haɗa wannan da zama wurin mai gyaran agogon garinsu, ko da share masa tebur zai riƙa yi, domin tsofaffin Seiko 5 da ke cikin akwatinsa makaranta ce guda. Injin da makarantu da yawa ke fara koyarwa da shi shi ne ETA 6497, don babba ne, asalinsa na agogon aljihu, kuma akwai kwaikwayonsa ƙirar Sin mai sauƙin kuɗi. Ka warware shi ka mayar har sai hannunka ya haddace, kana ɗaukar hoton kowane mataki, kana rubuta sakan nawa ya yi gaba ko baya a kwana. Wannan kundin shi za ka nuna ranar da aka ce me ka taɓa yi. Harshen ƙasar da kake hari kuma, tun yau ya kamata ka fara.

Bayan an gama karatu, akwai wani tallafin ga mai son ƙera nasa agogon?

Akwai gasa, ba tallafin karatu ba. Kamfanin F.P. Journe na Janeba yana shirya gasar matasa tun 2015, kuma a 2024 kyautarta faran 50,000 ce, don sayen injuna da kayan aiki. Ɗaliban Morteau sun sha lashe ta. Louis Vuitton ma ya fito da tasa ga masu ƙera agogo masu zaman kansu, yuro 150,000 da shekara guda ta jagoranci, wadda Raúl Pagès ya fara ci a 2024. A duka biyun ba a karɓar zane ko alkawari kawai a matakin ƙarshe: agogon da ka haɗa za ka ajiye a gaban alƙalai, su sa madubi a ido, su juya bayansa.